Yadda Buhu 200 Ya Zama 600 a Hannuna

A bayan wani tsohon rasit aka rubuto mini kalmar sirrin shiga rumbun bayanan kamfaninmu. Manaja ne ya miƙo mini, ya ce, "Malama, ga shi. Yaron da ya gina mana abin ya koma Legas, wayarsa ma ba ta shiga. Alhaji yana so ya riƙa ganin rahoto duk ƙarshen wata." Iyakar bayanin da na samu ke nan. Watan Janairun 2023 ne, hazo ya lulluɓe Kaduna, ni kuma kwanana huɗu da kama aiki.

Kamfanin na sayar da takin zamani ne, da iri, da maganin feshi. Babban sitonmu yana Kakuri, muna da rassa a Zariya da Kafanchan da Saminaka. Ni kuwa karatun kwamfuta na yi a Poli ta Kaduna, nan kusa da gidanmu a Tudun Wada, kuma a can na fara sanin SQL, yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi. Amma abin da muka yi a aji ɗan tebur ne na ɗalibai mai layi goma, da na darussa mai layi biyar, a kan wata manhajar rumbun bayanai mai suna MySQL. Bayan nan na yi aure, na haifi yara uku, na shekara takwas ina shigar da makin jarrabawa a Excel a wata makaranta mai zaman kanta. Da aka tambaye ni wajen ɗaukar aiki ko na san rumbun bayanai, na ce na sani. Ba ƙarya na yi ba. Bakin kogin na sani, ban taɓa shiga tsakiyarsa ba.

Da na buɗe kwamfutar ofis sai na ga hoton giwa. Ashe tambarin PostgreSQL ne, wata manhajar rumbun bayanai daban, wadda ban taɓa taɓawa ba. Na danna, tebura suka zubo, sun haura ɗari, kuma babu mai suna irin na mutane: trx_hdr, trx_dtl, pmt, stk_mv, wani ma har da old2 a wutsiyarsa. Babu takarda ko ɗaya da ta ce ga ma'anar wannan. Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne, to a ranar na ji maganar a jikina.

Abin da na saba shi na fara gwadawa. Na ce bari in kwashe komai in zuba a Excel, inda na fi ƙarfi. Ƙananan teburan suka shiga lafiya. Da na zo kan wanda ke rubuta duk wani motsi da aka taɓa yi a cikin tsarin, sai ya ƙi, domin shafin Excel ba ya ɗaukar abin da ya wuce layi 1,048,576. Nan na gane babu hanyar kewaye. Dole in koyi yi wa abin tambaya da yarensa.

Bayan sallar isha'i nake zama, in yara sun yi barci. In akwai wuta alhamdu lillahi, in babu sai abin da batirin kwamfutar ya ba ni. Wata ƙawata da muka yi aji ɗaya, wadda yanzu take aiki a Abuja, ita ta ba ni shawara biyu da har gobe nake yi mata addu'a a kansu. Ta ce kalmar sirrin da aka ba ni ta mai gida ce, tana iya goge komai, don haka in buɗe wa kaina wata ƙofa wadda karatu kawai take iya yi, ba ta rubutu. Ta ce, "Ƙawata, umarnin gyara na UPDATE ɗaya da kika manta ba ki sa masa WHERE mai nuna layin da za a gyara ba, ya isa ya canza kowane layi a tebur, kuma ba zai tambaye ki ko kin tabbata ba." Ta biyu, in ɗauki kwafin rumbun da pg_dump in dasa a tawa kwamfutar, in yi duk wani gwaji a can.

A hankali na fara gane gari. Na koyi cewa in na rubuta \dt a psql, wato wurin da ake rubuta wa PostgreSQL umarni, zai jero mini teburan, in na rubuta \d da sunan tebur zai nuna mini ginshiƙansa da irin abin da kowanne ke ɗauka, har da teburin da yake da alaƙa da shi. Na riƙa ɗebo layi goma-goma da LIMIT ina kallo, kamar mai ɗanɗana miya. Ran da na fara ganin farashin buhun yuriya sai gabana ya faɗi, don kuɗin ya ninka abin da na sani sau ɗari. Hajiya akanta ce ta leƙo ta ce, "Ƙanwata, ai da kwabo ya rubuta. Raba da 100." Daga baya na fahimci da gangan masu gina irin wannan tsari suke yin haka, don gudun kuskuren da ɗigo ke jawowa a lissafi.

Cikin karance-karancen daren nan na san cewa tun 1986 aka fara aikin da ya haifi PostgreSQL, a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, ƙarƙashin Michael Stonebraker, a 1996 kuma ya samu sunan da yake da shi yanzu, kuma kyauta ne. Tushen dabarar ma ya girme shi: a 1970 wani ma'aikacin IBM, Edgar Codd, ya kawo ra'ayin a riƙa ajiye bayanai a tebura daban-daban, kowane abu a rubuta shi sau ɗaya a gidansa, in ana bukata a haɗo su da wata lamba da suka yi tarayya a kai. Sunan dila yana tebur guda, kayan da ya ɗauka suna wani, kuɗin da ya biya suna wani. Abin ya burge ni ƙwarai. Kalmar haɗawar ita ce JOIN, kuma na ɗauka na iya ta tun muna makaranta.

Wata huɗu ina fitar da ƙananan rahotanni ba tare da matsala ba. Alhaji ya fara yabo na a gaban mutane. Ni ma na fara sakin jiki.

Da damina ta kankama a watan Yuni, lokacin da tireloli ke kwana a layi a ƙofar sito, manoman masara kowa na neman kamfa da yuriya, sai Alhaji ya kira ni ofishinsa. Ya ce, "'Yar nan, ina so ki fitar mini da buhun da ya fita a kowane reshe tun farkon shekara, da kuɗin da ya shigo, ki ajiye su gefe da gefe. Jibi nake so." Na ce, "To, ranka ya daɗe."

A lokacin na riga na gano trx_hdr shi ne kan takardar ciniki, trx_dtl kayan da ke cikinta, pmt kuma biyan kuɗi. Na haɗa ukun da lambar takarda, na sa SUM, umarnin tara jimilla, a kan buhuna, na sa SUM a kan kuɗi, na rarraba su reshe-reshe da GROUP BY. Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba amsa ta fito. Zariya da Kafanchan akwai ɗan bambanci, wanda na ɗauka bashi ne da ba a gama biya ba. Saminaka kuwa buhun da ya fita ya kusa ninka kuɗin da ya shigo sau biyu.

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta ɗan tsaya. Wani abu a raina ya ce in ƙara dubawa. Amma tambayar ta gudu ba tare da ta nuna kuskure ba, ga lokaci ya ƙure, ga shi kuma ina son a ce na iya. Na yi wa rahoton ado da launi, na ja jan layi a ƙarƙashin Saminaka, na buga na kai.

Mai kula da siton Saminaka dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Tun zamanin mahaifin Alhaji yake tare da gidan. Washegari aka aika mota ta karɓo makullai daga hannunsa, aka ce ya zauna a gida har odita ya zo. Saura kwana kaɗan babbar salla.

Bayan kwana biyu ya zo Kaduna da kansa. Ina fitowa daga ofis da azahar na gan shi zaune a kan benci, ya ɗora hularsa a gwiwa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni ya ce, "'Yata, ke ce mai na'urar?" Na ce, "Ni ce, Baba." Ya ce, "Ban zo faɗa ba. Ni ban san yadda take lissafinta ba. Amma don Allah ki ƙara tambayar ta, ko ta ji ki ba daidai ba."

Daren nan ban runtsa ba. Na sake gudanar da tambayar ya fi sau ashirin, amsa ɗaya take ba ni, domin tambaya ɗaya nake yi mata. Da asuba na faɗa wa maigidana komai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Gani ya kori ji. Ki je ki ga littafinsa. Ni zan ji da yara." Ranar Asabar ni da ƙanena muka hau mota a Kawo, muka bi ta Pambegua. Kuɗin mota ya yi tashin da ban zata ba, don ba a fi wata guda da cire tallafin mai ba a ranar 29 ga Mayu, amma ko ninkinsa aka ce zan biya.

A zaurensa ya karɓe mu. Ya shiga ciki ya fito da manyan littattafai masu baƙin bango, ya jera a kan tabarma. Tun da aka kawo kwamfuta reshen bai daina rubutun hannu ba. Yaron kanti yana shigarwa a na'ura, shi yana rubutawa a littafi. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Ayar da ta fi kowace tsawo ai a kan rubuta bashi ta sauka. Ni ba zan bar alƙalami ba."

Na buɗe kwamfutata, na zaɓi takarda ɗaya daga cikin masu nauyi, ta wani dila a watan Maris. Rahotona ya ce buhu 600 ya ɗauka. Baba ya lashi yatsa ya buɗe shafi, ya aza ɗan ali a kan layin: buhu 200 na kamfa. A gefen layin, da biro kala uku, ya rubuta biya uku da ranakunsu. Ya ce, "Lokacin wahalar kuɗin nan ne da aka canza takardun naira. Mutum ya zo da abin da ya samu a hannu, ya yi tiransifa ta ƙi tafiya, ya dawo bayan kwana uku. Ina zan kore shi? Na san shi, na san ubansa."

Ɗari biyu. Biya uku. Ɗari shida.

Jikina ya yi sanyi tun kafin in gama lissafin. Na cire SUM, na cire GROUP BY, na ce rumbun ya nuna mini ɗanyen layukan takardar nan kamar yadda JOIN ya haɗo su. Ga su nan uku reras, kowanne ɗauke da buhu 200, kowanne da biyansa daban. Abin da JOIN ke yi shi ne, duk layin da ya samu abokin da lambarsu ta zo ɗaya, sai ya aura su. Kayan layi ɗaya ne, biya layi uku, don haka sai ya maimaita kayan sau uku don kowane biya ya samu abokin zama. Ni kuma na zo na tara su duka. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da na ce ta yi shi ta yi. A Zariya da Kafanchan yawancin diloli biya ɗaya suke yi su ɗauki kaya, shi ya sa kuskuren ya ɓuya a can. A Saminaka, inda Baba ke yi wa mutane sauƙi suna biya kaɗan-kaɗan, nan ya fito da girmansa. Wato kirkin mutumin ne na mayar masa sata a kan takarda.

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Baba, laifina ne. Ba ka ci ko buhu ɗaya ba. Ni ce ban iya tambaya ba." Hawaye suka zubo mini. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Share hawayenki, 'yata, ki gyara. Gyaran nake so."

A nan zauren na zauna na sake ginin tambayar. Na fara tara buhunan kowace takarda su kaɗai, su zama layi ɗaya. Na tara biyan kowace takarda su kaɗai, su ma layi ɗaya. Sai bayan nan na haɗa su, ɗaya da ɗaya. Iya, matar Baba, ta aiko mana da tuwon masara da miyar kuɓewa, ta ce sai na ci kafin in ci gaba. Ina cikin gyaran na gano ɓarna ta biyu wadda ta fi ba ni tsoro. JOIN ɗin da na yi amfani da shi yana zubar da duk takardar da ba ta da abokin haɗi. Ke nan duk dilan da ya ɗauki kaya bai biya ko sisi ba, babu shi sam a rahotona, tunda ba shi da layi a teburin biya. Da na mayar da shi LEFT JOIN sai ga su sun fito, gurbin kuɗinsu ɗauke da NULL, wanda ba sifili ba ne, alama ce ta cewa ba a rubuta komai ba. Sai da na sa COALESCE ya mayar da shi sifili kafin ragi ya yiwu. Bashi na gaske, wanda ya kamata Alhaji ya sani, yana wani reshen daban, rahotona ya rufe shi ruf, ya nuna wanda ba shi da laifi.

Muka bi takarda talatin ɗaya bayan ɗaya, ina karanto lamba yana duba littafi. Duka suka dace.

Ranar Litinin na shiga wurin Alhaji da takardu biyu, tsohon rahoto da sabo, da hoton shafin littafin Baba a wayata. Ƙafafuna na rawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, rahoton da na kawo maka kuskure ne, kuma kuskuren nawa ne." Na ɗauki biro na zana masa layi ɗaya da layi uku. Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ce, "Da kin yi shiru fa?" Na ce, "Da ban ƙara barci ba." Ya ɗauki waya ya kira Baba a gabana, ya ba shi haƙuri da bakinsa, ya ce direba na tafe da makullai. Ni kuma ya ce in koma bakin aikina, amma daga yau duk rahoton da ya taɓa sunan mutum, sai Hajiya akanta ta sa hannu tare da ni.

An mayar da makullai, amma akwai abin da ba ya mayuwa. Maganar ta riga ta zaga kasuwa. Dattijon nan ya yi kwanaki yana fita masallaci mutane na kallonsa, kuma na san akwai wanda ya ji labarin karɓe makullai bai ji na mayarwa ba. Shi ya ce ya yafe, na kuma yarda ya yafe. Ni dai har yanzu in na tuna hular nan a kan gwiwarsa sai ƙirjina ya yi nauyi.

Daga nan salon aikina ya canza. Kafin kowane JOIN sai na ƙirga layuka da COUNT, bayansa ma in ƙirga. In adadin ya ƙaru, ba na motsawa sai na san dalili. Kowane sabon rahoto sai na zaro takardu biyar daga cikinsa, na je na nemo rasit ɗinsu na takarda, na gwada da hannu. Na sayi littafi irin na Baba, na fara zagayawa wurin mutane. Akwai wani ginshiƙi mai suna sts da ke ɗauke da lambobi daga 1 zuwa 9, wanda na yi watanni ina hasashen ma'anarsa. Mai karɓar kuɗi a Kakuri ce ta gaya mini 9 takardar da aka soke ce. Shugaban 'yan dako kuma, wanda ko sau ɗaya bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, shi ya warware mini 7. Ya ce, "Anti, ai kayan ajiya ne. Dila ya biya tun rani amma ya bar kayansa a sito sai ruwa ya sauka. In na ga bakwai a takarda ba na lodi." Da na ci gaba da ƙirga su cikin kayan da suka fita, da wani ma ya shiga irin halin da Baba ya shiga.

Sauran ƙananan abubuwa suka biyo baya. Dila ɗaya na same shi da suna huɗu, wani ya rubuta Muhammad, wani Mohammed, wani Muh'd, wani Mamman, don haka na koma bin lambar waya maimakon suna. Agogon rumbun kuma a kan lokacin duniya na UTC yake, mu kuwa a Nijeriya muna gaba da shi da awa ɗaya, saboda haka tirelar da aka sauke da sha biyu da rabi na daren ɗaya ga wata sai ta faɗa cikin watan da ya wuce, har sai da na koyi juya lokacin zuwa namu. Duk abin da na gano ina rubuta shi a littafina, ina kuma liƙa shi a jikin teburin kansa da COMMENT, don wanda zai zo bayana kada a miƙa masa bayan rasit kawai. In da zan ga yaron da ya gina tsarin, ba zan zarge shi ba, gininsa mai kyau ne. Shafi biyu na bayani kawai zan roƙe shi.

A watan Disamba aka yi ƙidayar ƙarshen shekara, na roƙi a tura ni Saminaka. Masara ta shigo, kasuwa cike da motoci, sanyi ya sauka. Na tsaya a ƙofar sito da kwamfutata, 'yan dako suna ƙirga buhuna jeri-jeri, Baba na gefe da littafinsa. Kamfa ya dace. Iri ya dace. Da aka zo yuriya, rumbun ya ce akwai buhu biyu fiye da abin da aka ƙirga. Na ce kada kowa ya rubuta komai tukuna. Na juya na ce, "Baba, ina neman buhu biyu."

Ya ce, "Biyo ni." Ya kai ni can ƙuryar sito bayan ƙofa, ya ɗaga wata tamfol. Ga buhu biyu da suka fashe wajen saukewa tun watan Yuli, an share takin an ɗure a tsofaffin buhunan masara, an ɗaure bakinsu da igiya. Ya buɗe littafinsa ya nuna mini inda ya rubuta ranar da lambar motar. Ya ce, "Yaron ya nemi inda zai sa fasasshe a na'urarku, bai samu ba."

Na zauna a kan wani buhu, na buɗe nawa littafin, na ce ya sake karanto mini ranar da lambar motar a hankali.